Karen da ke Kuka a Gesse Ba Aljani Ya Gani Ba



Duk mazaunin Gesse, ta ɗaya ko ta biyu, ya san wannan kukan. Da misalin ƙarfe takwas na safe, bayan ma'aikata sun nufi sakatariya, yara sun tafi makaranta, an ja get an datse, sai wani dogon kuka mai taɓa rai ya taso daga bayan katanga. A yi haushi, a yi kuka, a ja sarƙa, wani lokaci har azahar. Tsofaffinmu kan ce kare in yana irin wannan kukan aljani ya gani, wasu ma su ce mutuwa za a yi a unguwa. Da yamma mai gida ya dawo ya tarar an yagalgala silifas, an huda tiyon ban ruwa, an gutsure wayar janareto, sit ɗin mashin ya zama soso zalla, ƙasan ƙofar kicin kuwa kamar gara ta kwana a kai. Sai a ɗauko bulala. Gobe a sake, jibi a sake, har ranar da za a yanke hukunci cewa karen ya lalace ko ya haukace. Daga nan ko a kai shi bayan gari a yar, ko wani maƙwabcin da ya gaji ya jefo masa nama da guba.

Mu dai ra'ayinmu shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Yawancin karnukan nan lafiyar ƙwaƙwalwarsu lau. Zaman da aka tsara musu ne ba na kare ba.

Ba mu ga laifin wanda ya nemi kare ba. Ɓarayi masu haura katanga sun sa mutane neman abin da zai farkar da su, kuma gidan da mata da miji duk ke fita aiki wuni yake ba kowa. Abin da ya sauya shi ne irin karen da ake nema. Yanzu daga Jos ko Abuja ko Legas ake yo odar Alseshan, Rotwaila, Bowabul, har da Kokeshan, da kuɗin da ya isa ragon layya na kirki. Alseshan ɗin nan a Jamus aka daidaita irinsa a 1899, aikinsa kuwa kiwon tumaki, wato wuni yana zagaye garke yana kallon fuskar makiyayi. Kokeshan daga duwatsun Kokesos masu ƙanƙara ya fito, da gashinsa kamar bargo. Shi ne za a ɗaure a kejin kwano a Birnin Kebbi, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, alhali kare ba ya yin gumi a jiki irin namu, da haki yake sanyaya kansa.

Ku kwatanta da karen mafarauci a ƙauyukan Argungu da bakin fadama. Ba ya cin abincin gwangwani, ƙanzo ne da ragowar tuwo. Amma wa ya taɓa jin maharbi yana kukan karensa ya cinye masa takalmi? Karen nan tun asuba yana bayan ubangidansa, ya shiga daji, ya bi sawun zomo da gafiya, ya dawo a gajiye ya kwanta cikin 'yan uwansa. Haka karen ruga yake tare da shanu da yara, haka dogon karen Buzaye na Azawak da ke Nijar da Mali yake kwana a gefen bukkar masu shi. Suna da aiki, suna da abokan zama. Karen Gesse an ba shi abinci mai tsada an hana shi waɗannan biyun.

Sai dai ba kowace tauna ce iri ɗaya ba, kuma a nan masu karnuka ke ruɗewa. Kwikwiyo yana da haƙoran ƙuruciya 28, yakan fara famfara tun yana wata uku zuwa huɗu, kafin ya cika wata bakwai manyan haƙora 42 sun fito. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake, dole ya gaigayi wani abu, kamar dai jaririn da ke cusa komai a baki. Wannan lokaci ne, zai wuce. Akwai kuma taunar zaman banza, ta ƙaton karen da ƙarfi ya cika masa jiki bai da inda zai kai shi. Shi wannan ko kana gida ko ba ka nan, abin da ya samu zai tauna.

Ta uku ita ce mai wuyar, wadda likitocin dabbobi ke kira firgicin rabuwa. Alamarta a fili take ga mai lura. Tun kana ɗaukar makullin mota yake fara kai da kawo, yana haki, yana bin ka ƙafa da ƙafa. Kana fita, cikin rabin awar farko, abin ya tashi: kuka, dalalar miyau, fitsari a inda bai saba ba, ƙin cin abincin da aka ajiye masa. Ɓarnarsa kuma ba a ko'ina take ba, a bakin get take da jikin ƙofa, hanyar da ya ga ka bi, sai kuma kayan da ke da warin jikinka kamar takalmi da hula. Wasu har farcensu ke fita, haƙori ya karye a jikin ƙarfen keji. Wannan ba ramuwa yake yi don an bar shi ba, tsoro ne tsagwaronsa. Ya fi kama karen da aka raba da uwarsa tun bai kai sati takwas ba, da wanda aka yi ta sauya masa gida, da wanda ya saba gida cike da yara lokacin dogon hutu, rana ɗaya aka koma makaranta tsakar gida ta yi tsit. Mai son ya tabbatar ba sai ya kashe ko kwabo ba. Ya jingina tsohuwar waya a taga ta ɗauki bidiyon awa ɗaya bayan fitarsa, gani ya kori ji.

Mun san amsar da za a ba mu: ai ya san ya yi laifi, da na shigo sai ya sunkuyar da kai ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009. Ta sa masu karnuka su hana karensu cin wani abu su fita, sannan wani lokaci a faɗa musu ƙarya game da abin da karen ya yi. Abin da ta gano shi ne laɓewar nan faɗan ubangida take bi, ko karen ya ci ko bai ci ba, har ma wanda bai yi komai ba ya fi laɓewa in aka yi masa tsawa. Kare ba ya haɗa bulalar ƙarfe biyar na yamma da takalmin ƙarfe tara na safe. Abin da yake koya kawai shi ne dawowarka ma abin tsoro ce. Ka ga ke nan an ƙara wa mai firgici wani firgicin. Karen da aka saba wa duka kuwa, ranar da sarƙa ta tsinke, yaron da ya shigo aike ne zai biya bashin.

Gyaran ba shi da tsada, haƙuri yake ci. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, a fita da shi da igiya ya yi tafiyar rabin awa ko fiye, a bar shi ya shinshina abin da yake so, domin hanci ne jaridarsa. A kawar da abin da ba a so ya taɓa, a ba shi nasa abin taunar: robar tauna da ake sayarwa a shagunan kayan dabbobi, ko babban ɗanyen ƙashi daga mahauta, a ɗauke in ya fara guntulewa. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, tsagewa yake ya soki hanji. Kuma don Allah a daina ba shi tsohon takalmi, shi bai san bambancin tsoho da na Sallah ba. Abincinsa ma maimakon a zube a kwano ya lashe cikin minti biyu, a watsa shi a tsakar gida ya nema.

Mai firgicin rabuwa sai an bi shi mataki-mataki. Ka ɗauki makulli ka zauna, ba ka fita ba. Ka sa takalmi ka sha shayi. Ka fita get ka dawo kafin ya fara kuka, ko da daƙiƙa ashirin ne, gobe minti ɗaya, jibi uku, har ya gane cewa fita tana da dawowa. Kar a yi dogon bankwana, kar a yi murna mai yawa in an shigo. Abin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma a tsakanin nan ya fi kyau a samu wani mutum a gida, ko maigadi ne. Sayo kare na biyu ba lallai ya warware ba, domin sau da yawa kewar mutum yake, ba ta ɗan uwansa ba. In abin ya yi tsanani akwai magunguna irin fluoxetine da clomipramine, amma likitan dabbobi ne zai rubuta, ko a nan gida ko a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Masu ba da shawarar a sayo ƙwayar barci a kemis, da masu cewa a ba shi wiwi ko barkono don ya yi zafi, Allah ya shirye su.

Wani zai ce mu ba Turawa ba ne da za mu zauna muna rarrashin kare. Ba wanda ya ce a shigar da shi ɗaki ko a hau gado da shi. Malamanmu sun yi bayanin halaccin kare na farauta da kiwo da gona, da yawansu sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da muka karanta a zaure, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. To amma mu ɗin ne kuma muka haddace labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Sarƙa mai tsawon kamu uku, a rana, daga safe zuwa magariba, da kwanon ruwan da ya kife tun hantsi, sai kowa ya auna da kansa.

Wani abu da ya kamata a rarrabe shi ne ciwon haukan kare na gaskiya, don shi ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Mai firgicin rabuwa da zarar ka dawo ya dawo daidai. Mai ciwon hauka kuwa halinsa sauyawa yake farat ɗaya, ya ciji duk abin da ya gifta har ubangidansa, haɗiya ta gagare shi, ya mutu cikin kwanaki kaɗan. Allurar rigakafinsa ana yin ta tun kwikwiyo yana wata uku, a maimaita duk shekara, kuma a Vom kusa da Jos ake sarrafa ta, ba sai an jira ta ƙasar waje ba. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Ga maƙwabta kuma, mu tuna cewa mai karen shi kaɗai ne a layin da bai taɓa jin kukan ba, tunda sai ya fita ake yi. Kafin a kai ƙara wurin mai unguwa, balle a kai ga guba, a naɗi sautin a waya a tura masa da sallama. Shi kuma in ya duba ya ga ba shi da awa ɗaya a rana da zai ba dabbar nan, ya nemi wanda zai iya riƙonta ya ba shi, kuɗin abincinta na wata ya isa kuɗin 'yan sintiri har da canjin da za a tara a sayi fitilar sola.