Idan Faifan Kwamfuta Ya Mutu, Kada a Kai Shi Bakin Kasuwa

Littattafan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta a Sifawa, ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, suna hannunmu har yau. Dalili ɗaya ne: almajirai sun yi ta kwafa, kwafe ya bazu gari-gari.

Mu jikokinsu kuwa, daga Boɗinga zuwa Shagari, takardun filaye, sakamakon ɗalibai da lissafin albashi duk mun ɗora su kan faifan ajiya guda, cikin zafi, ƙurar hunturu da wutar lantarki mai zuwa da tafiya. Ranar da faifan ya fara ƙas-ƙas, sai a ruga wurin mai gyaran waya ya kwance shi. Wannan ganganci ne.

Faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurar da ke karanta shi tana shawagi a tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta kauri. Buɗe shi a rumfa, ko sake kunna shi, yana kankare bayanan har abada. Ƙwararru a ɗaki mai tataccen iska suke buɗewa, su sauya allurar, su kwafe komai kafin su taɓa fayil ɗaya.

Za a ce da tsada. Nawa ne kuɗin shari'ar filin da takardarsa ta ɓace, ko fanshon malamin da sunansa ya goge?

A kashe na'urar, a nemi ƙwararre. Tun kafin ranar kuma, a yi abin da Sifawa ta yi: kwafe uku, ɗaya a wani gari.