Na'urar busawa ba ta san tiramol ba

'Yan uwa, hutu ya ƙarato, kowa na lissafin kuɗin motar dare zuwa gida. A Amurka gwamnatin tarayya kan ba jihohi tallafi, su biya 'yan sandan gari kuɗin ƙarin aiki, su tare hanya suna kama direbobin da suka bugu. Da za a ba 'yan Road Safety irin kuɗin nan, ni dai ba na'urar busawa zan ce a fara saya ba. Giya kaɗai take ganewa. Wani direban da zai kwaso mu daga Ibadan ya doshi Kano, tiramol ya watsa, wai kada gajiya ta kama shi. Ya busa, ta nuna lafiya lau yake! A kai kuɗin tasha, NDLEA ta gwada direba kafin a rufe ƙofar mota.