HALI ZANEN DUTSE? MARTANI GA MASU AWON ADDINI DA FUSKA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwana matasa, akwai wani awon zalunci da ya zama ruwan dare a makarantunmu na Islamiyya da gidajenmu da majalisunmu, tun daga nan Ƙofa har Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma yau zan yi magana a kansa ba tare da kwana-kwana ba. Mun mayar da ɗabi'ar da Allah Ya halicci mutum da ita ma'aunin addininsa. Yaro in shiru-shiru ne, sai mu ce salihi, ko da ba ya fahimtar komai a aji. In mai ƙiriniya ne da yawan tambaya, sai mu ce fitinanne. Saurayi in yana ɗaure fuska, shi ne ustazun gaske. In mai raha ne, ba shi da kamun kai. Yarinya in ba ta da yawan magana, miskila ce mai girman kai.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A shekarun da na yi ina koyarwa, na ga ɗalibi mai kaifin hadda ya bar wata makaranta domin malaminsa ya ɗauki yawan tambayarsa rashin ladabi, ya riƙa amsa masa da bulala. Na ga an fasa aure domin dangin miji sun ce yarinya ba ta da fara'a, alhali kunya ce kawai ke ɗawainiya da ita. Ina muka samo wannan awon? Wallahi ba daga Sunna ba.

Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) hadisin da ke bayyana cewa an halicci Annabi Adamu (AS) daga damƙar ƙasar da aka tattaro daga ko'ina a doron duniya, shi ya sa 'ya'yansa suka bambanta a launi da hali, da mai sauƙi da mai tauri. Manomin ƙasarmu ya riga mu gane wannan. Wanda ke noman rani da ruwan madatsar Tiga ya san fadama ita ke karɓar shinkafa da rake, jigawa kuwa gero da gyaɗa take so, kuma ba ya zagin jigawa don ta ƙi yin shinkafa. Muslim kuma ya ruwaito hadisin da ya kwatanta mutane da ma'adinai irin zinariya da azurfa. Mutanen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sun san ma'adini sai an tono shi an wanke kafin a san darajarsa. To, don me mu muke yanke wa ɗan Adam hukunci da kallon fuska?

Mu dubi Sahabbai. Bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, Abubakar (RA) ya ba da shawarar a karɓi fansar fursunoni, Umar (RA) kuwa ya ce a kashe su. Ɗaya mai taushi, ɗaya mai zafi, kuma su biyun ne mafiya daraja a wannan al'umma. Usman (RA) ya shahara da kunyar da har mala'iku ke jin kunyarsa. Nu'aimanu (RA) sarkin barkwanci ne, yana sa Manzon Allah (SAW) dariya, kuma ya halarci Badar. Abu Zarri (RA), duk da shaidar gaskiya da aka yi masa, Annabi (SAW) ya hane shi shugabantar ko da mutum biyu, ya kuma hane shi riƙon dukiyar maraya, domin ya ga rauninsa ta wannan fuska. Khalid ɗan Walid (RA), wanda ya musulunta a baya-baya, shi aka riƙa ba wa rundunoni. Da a wasu makarantunmu ne, da an yi wa Nu'aimanu bulala har ya daina zuwa, da an kira Umar mai zafin kai.

A tarihin ƙasarmu ma haka abin yake. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mutum ne mai tsanani a kan ƙa'ida. Wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya koyar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya koma. Muhammadu Bello kuwa gwani ne wajen tafiyar da jama'a da dabarun mulki. Shehu Usmanu bai ce sai ɗayansu ya koma irin ɗaya ba. A 1812 ya ɗora Abdullahi a kan yamma, Bello a kan gabas, aka ci moriyar kowa.

To amma ku matasan intanet, kada ku yi saurin murna, domin ku ma kun faɗa ramin nan ta wata ƙofa. Yanzu ana yayin gwajin hali a waya: mutum ya amsa tambayoyi, a ba shi haruffa huɗu, ya liƙa a shafinsa na Facebook kamar sunan yanka. Mafi shahara shi ne na Myers-Briggs, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara a Amurka a shekarun 1940 bisa littafin Carl Jung na 1921, ya kasa mutane gida 16. Masana halayyar ɗan Adam da dama sun soke shi, domin mutane da yawa in sun sake gwajin bayan 'yan makonni sai su faɗa wani gidan daban, kuma mafi yawan mutane a tsaka-tsaki suke tsakanin son kaɗaici da son cuɗanya. Ban ce haramun ne mutum ya yi shi don ya lura da kansa ba. Abin da nake yaƙa shi ne saurayi ya ƙi zuwa jana'izar maƙwabcinsa ko gaida gwaggonsa, in an yi magana ya ce wai shi mai son kaɗaici ne, gwaji ya nuna. Ko budurwa ta zazzaga wa mahaifiyarta rashin kunya, ta ce haka halinta yake. Dattijon da ya kira yaro fitinanne da saurayin da ya fake da haruffa huɗu kuskure ɗaya suka yi: duk sun ɗauki ɗabi'a hukuncin da aka gama yankewa.

Za a ce mini ai Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Na yarda da rabin maganar. Tushen ɗabi'a yana nan daram, mai zafin zuciya ba zai wayi gari ya koma ruwan randa ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Annabi (SAW) ya yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais da haƙuri da natsuwa, ya shaida masa cewa da su aka halicce shi. Amma Bahaushen nan dai shi ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu cewa hali ba ya gyaruwa raddi a cikin Ihya'u Ulumiddin. Hujjarsa ita ce da haka ne, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, alhali ko doki da kare ana horar da su. Ya kuma nuna cewa manufar horo ita ce a sa wa fushi linzami, ba a tumɓuke shi ba. Umar bai bar zafinsa ba bayan ya musulunta. Zafin ne ya koma kan ɓarna da zalunci.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai: yaro mai surutu a ba shi jan baƙi ko muhawara, mai shiru a zauna da shi a keɓe a ji abin da ya fahimta, mai ƙiriniya a ɗora masa aikin da zai cinye ƙarfinsa. Iyaye, ku bincika sallar mai neman 'yarku da amanarsa da mu'amalarsa a kasuwa kafin ku duba yawan murmushinsa. Ku kuma matasa, kowa ya san inda halinsa ke ja shi, ya tsare wannan ƙofar: mai zafi ya koyi haɗiye fushi, mai sanyi ya koyi faɗin gaskiya ko ba daɗi, mai son kaɗaici ya tashi ya sada zumunci.

Allah Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata halittarmu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.