Filin Teloli: Zaren Bargon Ƙyallaye

'Yan'uwa teloli, a wannan wata za mu taɓo bargon nan da ake haɗawa da ragowar ƙyallayen atamfa, a sa auduga a tsakiya, a bi da keke. Wajen zaɓen zare ake ɓata shi. Fari yakan fito ƙuru-ƙuru a kan baƙin ƙyalle, baƙi ma haka a kan fari. Ruwan toka shi ke sajewa da kowane launi. Kada ku duba zaren a naɗe. Ku jawo sili ɗaya ku shimfiɗa a kan ƙyallayen. Na ƙasa ya zama irin na sama, saboda wani lokaci yakan leƙo.

Ɗinkin furanni kuwa wahalar banza ce, atamfa za ta haɗiye shi. Miƙaƙƙun layuka sun isa, a fara daga tsakiya. Tazararsu kada ta wuce yatsu 4, don kada audugar ta cure in an wanke.