Sharhi: Kasuwar Ogbete Da Tsadar Wutar Da Ba Mai Kula Da Ita

Duk mai bin tarihin tattalin arzikin Nijeriya ya san cewa a kan makamashi aka kafa birnin Inugu. A shekarar 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1915 aka buɗe ramin haƙa na Ogbete, sa'an nan a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, garin da aka gina tashar jiragen ruwansa domin fitar da wannan kwal. Da shi jiragen ƙasa suka yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa, da shi kuma tashar lantarki ta Kogin Oji, wadda aka buɗe a 1956, ta haskaka Jihar Gabas ta wancan zamani. Yanzu ramukan sun daɗe da mutuwa, tashar Oji ta yi shiru, babbar kasuwar da ta gaji sunan Ogbete kuwa, kamar takwarorinta na Anacha da Fatakwal, da ƙananan janaretoci masu shan fetur take cike giɓin wuta.

Wannan al'amari ya shafi 'yan Arewa kai tsaye. Hausawa da Fulani sun bi layin dogo da fataucin shanu sun zauna a Inugu tun garin yana ƙarami, har wani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Har yau ta hannunsu tumatir da albasa da tattasai da nama suke isa ga jama'ar birnin, musamman a ɓangaren Akwata na kasuwar Ogbete, inda ake sauke kayan gwari. Wanda ya manta da nauyin wannan ciniki, sai ya tuna da ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2021, lokacin da dillalan abinci da shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashi ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin can, kaya kuma suka riƙa ruɓewa a Arewa. Kayan gwari da nama ba sa jiran kowa, don haka babu wanda rashin wuta da rashin wurin sanyaya kaya ya fi cuta kamar mai sayar da su.

Shekaru biyu sun sauya lissafin kowane mai shago. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo wajen Naira 209. Tun kafin haka, a 2021, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa rashin tsayayyiyar wuta yana ja wa Nijeriya asarar kimanin dala biliyan 26 a shekara. A zamanin araha ana iya yin almubazzaranci da wuta ba a ji a jika ba. Wannan zamani ya wuce.

Idan aka tambayi ɗan kasuwa mafita, amsarsa ɗaya ce: gwamnati ta kawo wuta. Yana da gaskiya, amma gaskiyar ba ta cika ba. Ƙwarya mai yoyo, kome yawan ruwan da aka zuba mata, ba ta cika. Babban abin da ke cin dukiyar kasuwa irin ta Ogbete shi ne cewa ba a tafiyar da ita a matsayin gini guda mai buƙatar mai kula guda. Dubban shaguna ne a ƙarƙashin rufin da ya haɗe, amma kowa da wayarsa, kowa da injinsa, kowa da jarkar mansa. Wayar da aka ja tun asali domin ƙwan fitila ɗaya, ita ce daga baya ake ɗora wa fanka da firiza da injin niƙa. Babu wanda aikinsa ne ya san yawan wutar da kasuwar take sha, ko inda take zurarewa, ko ranar da aka duba taransifoma ta ƙarshe.

Dalilin haka na tattalin arziki ne, ba na halayya ba. Mai ginin daban, mai biyan kuɗin wuta daban. Hukumar da ke karɓar haya da haraji ba ta sayen fetur ɗin janareta, saboda haka gyaran rufi ko sabunta wayoyi ba zai ƙara mata ko kwabo ba a idonta. Ɗan haya shi ke ƙona man, amma ba zai zuba kuɗinsa a bangon da ba nasa ba. Ga baƙon ɗan kasuwa abin ya fi tsanani. Bahaushen da ke zaune a rumfar da ya karɓa ta hannu na biyu ko na uku, ba shi da takarda, bai san ko baɗi za a ce ya tashi ba, ba zai sayi allon hasken rana da sai bayan shekaru zai mai da kuɗinsa ba. Zai sayi ƙaramin injin da zai iya ɗauka a ka idan ta ɓaci. Dokar zaman gida ta ranar Litinin da 'yan aware suka ƙaƙaba wa yankin daga watan Agustan 2021 ta ƙara wa kowa wannan ɗari-ɗari. Ke nan kowa yana yin abin da ya fi masa amfani shi kaɗai, jimillar kuwa asara ce ga kowa.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙaramin janaretan fetur yakan ba da yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga kowace lita. A lokacin da lita ta kai Naira 1,000, yunit ɗaya yana tashi a kan Naira 700 zuwa 1,000, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki, wato fiye da ninki uku na mafi tsadar wutar kamfani. Alal misali kuma, shagon da ke kunna tsofaffin ƙwayaye huɗu masu wat 60 na sa'o'i goma yana shan yunit 2.4 a rana. Idan aka musanya su da ƙwayayen zamani masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na waɗancan, abin da zai sha bai kai rabin yunit ba. Rarar yunit biyu ke nan a rana, wato sama da Naira 10,000 a wata bisa farashin Naira 209. Shaguna da yawa sun riga sun sauya ƙwayayensu, amma irin wannan lissafi yana nan a kan tsofaffin fankoki da firizojin gwanjo waɗanda robar ƙofarsu ta saki, su ne ma suka fi zuƙar wuta.

Tsadar ba ta tsaya ga aljihu ba. Inda aka tara waya mai rauni da jarkokin fetur da kayan da ke kama wuta, gobara tana jiran ranarta ne kawai. Kasuwar Mile 1 ta Fatakwal ta ƙone a Disamban 2013. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar dubban shaguna cikin dare ɗaya a watan Maris na 2016. Galibin masu kayan gwari ba su da inshora, jarinsu kuma sau da yawa amana ce ta manoma da dillalai da ke jiran kuɗinsu a Kura ko Aliero. Idan rumfa ta ƙone a Ogbete, har gonakin Arewa ake jin zafin.

Ba sai an je ƙasashen waje neman abin koyi ba. Bayan gobarar Sabon Gari, Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta shigar da kasuwar cikin wani shiri nata na ba manyan kasuwanni wuta mai zaman kanta, tare da kasuwar Ariaria ta Aba da rukunin shagunan Sura na Legas. A Kano an kafa allunan hasken rana a kan rufin kasuwa, a Ariaria kuma injin iskar gas, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2019. Abin lura a shirin ba irin injin ba ne. Kafin a kafa kome sai da aka bi shago-shago aka ƙidaya buƙatar wuta, aka sa mita, aka kuma ɗora alhakin kulawa a kan kamfani guda da ke cin riba idan wuta ta tsaya, yake asara idan ta ɗauke. Haka nan a Owerri, tun 2015 kamfanin ColdHubs ya fara kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, inda mai tumatir ke biyan kuɗin ajiya na kwana bisa yawan akwatunan da ya ajiye, ba tare da ya mallaki firiza ba.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Jihar Inugu kuma tana cikin na farko da suka karɓi wannan iko a 2024. Hukumar lantarki ta jihar har ta ba da umarni a Yulin 2025 a rage kuɗin rukunin A zuwa Naira 160, matakin da ya jawo ja-in-ja da kamfanonin samar da wuta. Ko yaya aka dubi wannan taƙaddama, abu ɗaya ya tabbata: wanda zai ba da izinin kafa wa Ogbete wuta ta kanta yana cikin garin Inugu, ba sai an yi tattaki zuwa Abuja ba.

Akwai masu cewa duk wannan magana ce ta masu kuɗi, tun da alluna da batura da dala ake sayo su, Naira kuma ta faɗi ƙwarai tun da aka sake ta a Yunin 2023. Ƙorafin yana da tushe, shi ya sa jerin matakai yake da muhimmanci. Da farko a auna, sa'an nan a rage, daga ƙarshe a saya. Idan shaguna 1,000 suka rage yunit biyu-biyu a rana, an tsira da yunit 2,000. Allo mai ƙarfin kilowat ɗaya yakan ba da wajen yunit huɗu a rana a irin yanayin Inugu, ke nan an huce sayen alluna na kilowat 500. Daɗin daɗawa, kasuwa da rana take ci, lokacin da hasken yake kyauta, don haka ɗakin sanyi da fitilun tsaro ne kaɗai suke buƙatar batura masu yawa. Wasu gyare-gyaren ma ba sa buƙatar waya ko kaɗan: kwanon rufi mai shigar da haske a kan layukan da ke da duhu da tsakar rana, farin fenti a kan rufi domin rage zafi, da kafar iska a saman rumfuna.

Saboda haka nauyi uku ne a kan ɓangarori uku. Wajibi ne hukumar da ke da kasuwar ta naɗa ƙwararren mai kula da gine-gine da wuta, ta kuma ware wani kaso sananne na kuɗin haya a asusun gyara wanda za a riƙa bayyana lissafinsa ga 'yan kasuwa duk shekara. Kuɗin da aka karɓa da sunan kasuwa, hakki ne wani abu daga cikinsa ya koma jikin kasuwa. Na biyu, hukumar lantarki ta jiha ta tabbatar kowane shago ya sami mitarsa, domin kuɗin wuta na ƙiyasi yana hukunta mai tsimi, yana saka wa mai ɓarna. Wanda zai biya abu ɗaya ko ya kashe fanka ko bai kashe ba, ba shi da dalilin kashewa.

Na uku yana kan 'yan kasuwar Arewa su kansu. Suna da sarakunan Hausawa, suna da ƙungiyoyin masu tumatir da albasa da mahauta, sun kuma saba tara kuɗi domin lodin mota da jana'iza da ginin masallaci. Tsarin da ya iya wannan zai iya ɗakin sanyi. Amma abin da ya kamata su fara nema daga hukuma, tare da abokan zamansu 'yan ƙabilar Ibo da ke cikin babbar ƙungiyar kasuwar, shi ne takardar haya rubutacciya ta shekaru masu yawa, mai ɗauke da sharaɗin diyya idan an tashe su. Babu kamfanin da zai zuba jari, babu bankin da zai ba da rance, a kan rumfar da ba a san makomarta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, buƙatar da Bahaushe da Ibo suka kai tare kuma ta fi wuyar turewa. Irin wannan haɗin kai yana da wata riba da ba ta shiga littafin lissafi: mutanen da suka haɗa jari a taransifoma ɗaya suna da dalilin kare juna ranar da fitina ta taso.

Abin da ya dace da Ogbete ya dace da 'yan Arewa mazauna Anacha da Fatakwal, domin ciwon iri ɗaya ne. Kuɗin gyaran ba sabon kuɗi ba ne. Yana fita daga aljihun 'yan kasuwa kowace safiya zuwa gidan mai, lita-lita, ba tare da ya bar musu kadara ko ɗaya ba. Idan hukuma ta ba da takarda da mita da mai kula, 'yan kasuwa suka haɗa abin da suke ƙonawa a warwatse, kuɗin da ke tashi hayaƙi a yau ya isa ya sabunta wayoyin kasuwar, ya gina ɗakin da tumatirin Kano zai kwana bai lalace ba.