TSUTSA A ABINCIN ALADE

Hutun da ya wuce na je ƙauyenmu kusa da Sahon Rami, na tarar kawuna ya sayar da aladunsa biyu tun ba su isa sayarwa ba. Dusa kaɗai ba ta gina su, waken soya da ƙuliƙuli kuwa sun yi tsada, mutanen gida ma nema suke.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga shawarata, kada ku yi dariya: a ba su tsutsa. Akwai wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro, Turawa na ce masa baƙin soja. Ba ya cizo, ba ya damun tuwo. Tsutsarsa tana cin ɓawon doya da ragowar abinci, cikin mako biyu ta yi ɓulɓul. In aka shanya ta, wajen kashi 40 cikin 100 nata abin gina jiki ne. Tarayyar Turai ta yarda a sa irinta cikin abincin aladu da kaji a 2021, shekarun nan namu.

Wani zai ce ƙazanta ce. Ashe ya manta muna yara mukan fasa shuri mu kawo wa 'yan tsaki gara? Sai dai a tafasa ta kafin a shanya, a haɗa da dusa. Wanda ba ya kiwon alade, kajinsa za su ci.

Ina roƙon Malamin Gona ya ba mu akwati ɗaya bayan kicin, mu gwada zangon nan.