A Rage Sayen Sababbin Kwamfutoci, Kada A Yanke Kuɗin Gyara

Duk shekara idan kasafin kuɗin Tarayya ya isa Majalisar Dokoki, akwai layukan da ba sa ɓacewa daga shafukan ma'aikatu da hukumomi: sayen kwamfutoci, sayen na'urorin buga takardu, da kula da kayan ofis. Hukumar da ta saya bara, bana ma sai ta nemi kuɗin saye, kamar dai ƙasa ce ke haɗiye kayan. Kasafin 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99, kuma fiye da tiriliyan 14 daga ciki na biyan bashi ne. Ƙasar da ke cikin wannan hali dole ta tsuke bakin aljihu. Abin tambaya shi ne, ta ina za a fara yanka?

Ra'ayinmu shi ne a fara da kwangilolin saye. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Galibin kwamfutocin ofisoshinmu daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya bi dala. Amma idan umarnin tsimi ya sauko, kuɗin gudanarwa ake fara taɓawa, alhali a cikinsa kuɗin gyara yake. Sai na'urar da tawada kawai ta ƙare mata, ko kwamfutar da batirinta ya mutu, a jingine ta a lungu, a rubuta takardar neman sabuwa. Kafin sabuwar ta iso, ƙaramin ma'aikaci ne ke zuwa shagon buga takardu da kuɗin aljihunsa don aikin gwamnati. Wannan ba tsimi ba ne, asara ce ninki biyu.

Dalilin fifita saye a kan gyara ba ɓoyayye ba ne. Gyara ƙaramin kuɗi ne, saye kuwa kwangila ce, kuma a kwangila ake samun rarar da ake rabawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗan kwangila ba ya ƙara farashi shi kaɗai, sai da hannun wanda ya rubuta buƙata da wanda ya sa hannu cewa kaya sun shiga sito.

Ba doka muka rasa ba. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta haramta tsattsaga kwangila don kauce wa gasar neman aiki, ta kuma tanadi ɗaurin aƙalla shekara 5 ba tare da zaɓin tara ba, da kora daga aiki, ga jami'in da aka samu da laifi. An wajabta wa hukumomi neman amincewar NITDA kafin aiwatar da ayyukan fasahar sadarwa. A 2015 ma Ma'aikatar Kuɗi, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta kafa sashe na musamman don rage almubazzaranci a kuɗin gudanarwa. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Saboda haka, kada a amince wa kowace hukuma sayen kwamfuta ko ɗaya sai ta gabatar da rajistar kayanta: lambar kowace na'ura, shekarar da aka saye ta, da ofishin da take. A tsayar da farashi guda ga kaya iri ɗaya a dukkan hukumomi, a wallafa shi kowa ya gani. A bai wa ma'aikatan sashen kwamfuta, waɗanda ake biya albashi kowane wata, kayan aiki su riƙa gyara, maimakon kwangilar kulawa da ba a ganin mai kulawar.

Ku kuma ma'aikata da mataimakan manya, ta teburinku waɗannan takardu ke bi. Minista zai sauka, ɗan kwangila zai ƙara gaba, amma sa hannunku zai zauna a fayil har ranar da Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya zai buɗe shi. Kafin ku sa hannu a kan sabuwa, ku tambayi inda tsohuwar take.